Kashe Fitila Ya Sa Ana Ce Mini Marowaciya a Gidan Mijina

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a unguwar Garin Malam, nan Damagaram, ina da ƴaƴa uku. Maigidana yana kasuwanci a Agadas, sai bayan wata biyu ko uku yake leƙo mu, kuma ni yake turo wa kuɗin cefane da na ruwa da na wuta duk ƙarshen wata. Muna zaune da mahaifiyarsa da ƙannensa maza biyu. Da hunturu kuɗin wuta bai wuce jika 9 ba, wato sefa 9,000, amma tun shigowar bazara ya kai jika 17. Fitilun zaure da tsakar gida da madafa da bayi sukan kai azahar a kunne. Fanka tana ta juyawa a ɗakin samari alhali suna makaranta ko wurin hira. Na fara bi ina kashewa, ina yi wa yara faɗa. Yanzu babban ƙanin mijina ya ce ni marowaciya ce, wai kuma kunnawa da kashewa ya fi cin wuta a kan a bar ta kunne. Hajiya kuwa ba ta kwana cikin duhu. Ranar da na shiga na kashe mata fitila tana barci, kwana biyu da ƙyar take amsa gaisuwata. Maigida ya fara tambayata a waya ina kuɗi suke tafiya. Inna, in yi shiru in riƙa cikawa da kuɗin ƴar sana'ata, ko in faɗa masa duk abin da ke faruwa?

Uwar Ƴaƴa Uku, Garin Malam

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a, ya dawo da maigida lafiya.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Ke ba marowaciya ba ce. Marowaci shi ne mai abu a hannu, wani yana bukata, ya hana shi. Fitilar da ke ci a zaure har azahar kuwa babu wanda take yi wa amfani, rana ta riga ta haska wurin kyauta. Kuɗin da take ci gumin mijinki ne, wanda ya bar gida da ƴaƴansa ya tafi nema, kuma amana ne a hannunki. Allah ya hane mu da almubazzaranci a suratul Isra'i, har ya kira masu yin sa ƴan'uwan shaiɗanu. Niyyarki tana kan hanya. Abin da nake so mu zauna mu gyara shi ne yadda kika ɗauko maganar, don na ga kin ɗora wa kanki aikin gadi, ke kaɗai kina bin mutum shida ɗaki-ɗaki. Mai gadi yakan gaji, waɗanda ake gadi kuma sukan fara jin haushinsa. Ranar da kika tafi biki ko zazzaɓi ya kwantar da ke, komai zai koma gidan jiya.

Ki tambayi kanki wani abu. A gidan nan naku, akwai wanda zai buɗe famfo ya tafi hira ya bar shi yana zuba? Na san babu. Ko autanki ya ga ruwa yana malala a ƙasa zai ruga ya rufe, ba sai an ce masa ya yi ba. Mu Damagarawa cikin ƙishin ruwa muka buɗe ido. Ƙarancin ruwa yana daga cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mayar Yamai a 1926. An jawo mana ruwa daga rijiyoyin Gogo da Macaya, aka ƙara da na Arunguza, aka ƙara da na Ganaram, amma har yau matan unguwanni da yawa sun san tashin tsakar dare da jarka in an ji famfo ya fara tari. Ni kaina na yi shekaru ina wannan tashin. Wahalar nan ce ta koya mana cewa ruwan wankin shinkafa na akuya ne, ruwan ɗaurayar tufafi kuma na yayyafa tsakar gida ne kafin shara. Babu wanda ya tara mu ya karantar da mu. Muna ganin randa tana sauka da idonmu, muna ƙirga wa ɗan ga-ruwa kuɗinsa da hannunmu.

Ita wutar lantarki ba a ganin zubarta. Ba ta jiƙa ƙasa, ba ta ƙara, sai ƙarshen wata takarda ta iso, kuma hannun mutum ɗaya take shiga, wato naki. Sauran mutanen gidan ba su taɓa ganin randar wuta tana sauka ba, shi ya sa in kin yi magana suke jin ta kamar mita ta mata kawai. Babban aikin da ke gabanki shi ne ki nuna musu randar. Tana nan kafe a bango, ita ce na'urar ƙirga wuta da muke ce wa konter.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun fi kowa sanin cewa wutar nan daga nesa take zuwa. Kaso mai yawa na wadda ake sha a yankin Damagaram da Maraɗi ta waya take shigowa daga Katsina, ta bi ta garin Gazawa. Da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, ba a maido ba sai Maris na 2024, kowa ya ga halin da masu ƙanƙara da masu walda da teloli suka shiga. A watannin nan kowane gida ya iya tattali. In an kawo wuta ta awa uku, an san abin da za a fara yi da ita da abin da zai jira. Da ta dawo sai muka saki jiki. Ga shi a ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da lantarki a gidansa, ƙauyukan da ke kewaye da mu da yawa har yanzu da tocila yara ke bitar karatu. Raina yakan sosu in na wuce ƙofar gida da hantsi na ga ƙwai yana ci.

Yanzu ɗauko takarda da biro mu yi lissafi, don daga yau da lissafi za ki riƙa magana. Kowane kayan wuta an rubuta ƙarfin cinsa a jikinsa, lamba ce da harafin W a gefenta, wato wat. Abin da konter ke ƙirgawa, wanda muke kira kilowat, shi ne wat 1,000 ya yi awa guda yana aiki. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu in an taɓa shi, yawanci wat 60 ne, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, ɗan ragowar ne haske. Kin ce fitilu huɗu sukan kai azahar. Mu ce daga ƙarfe 7 na safe zuwa 1 na rana, awa 6 ke nan. In irin tsofaffin nan ne, sun ci kusan kilowat ɗaya da rabi a yini, kilowat 43 a wata. Don sauƙin lissafi mu sa kilowat ɗaya a kan sefa 100. Ainihin farashin da ake yi muku yana rubuce a takardarku, sai ki musanya da shi. Jika 4 da ɗoriya ke nan duk wata, an ƙone su wajen haska rana. In kuwa sababbin nan ne na LED masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na mai wat 60, asarar ba ta kai kilowat 7 ba, wajen sefa 650.

Wannan bambancin ya sa dole in gaya miki abin da wataƙila ba ki zata ba. Tsallen da kuɗin ya yi daga jika 9 zuwa 17, mafi yawansa ba daga fitilu yake ba, don da hunturu ma ana barin su a kunne, kuma dare ya fi tsawo a lokacin. Abin da bazara ta ƙaro shi ne fanka da firigo. Fankar sama tana cin wajen wat 70. In ta yi awa 8 kullum a ɗakin da babu kowa, kilowat 17 ne a wata, fanka guda kawai. Kuma fanka ba ta sanyaya ɗaki. Jikin mutum take sanyayawa ta hanyar busar da gumi. In babu kowa a ƙarƙashinta, iska mai zafi take ta juyawa, injinta ma yana ƙara ɗan ɗumi. Mai barin ta don ya dawo ya tarar da ɗaki da sanyi ba zai tarar da komai ba sai kuɗi a takarda. Firigo kuma, a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, injinsa kusan ba ya hutawa, balle in yara suna buɗe shi kowane lokaci don ruwan sanyi, ko robar bakin ƙofarsa ta saki, ko an manna bayansa da bango babu inda iska za ta bi. Randa mai kyau a inuwa tana rage wannan buɗe-buɗen sosai. Dutsen guga na lantarki wat 1,000 ne ko fiye, awa ɗaya ta guga tana cin abin da ƙwan LED zai yi sama da awa 100 bai ci ba. Ga shi farashin wuta hawa-hawa ne: in gida ya haura wani adadi a wata, abin da ya hau sama da tsada ake lissafa shi. Duk kilowat ɗin da kika rage, daga wancan mai tsadar kika rage.

Duk da haka ina goyon bayanki a kan a fara da fitila. Ita ce ake taɓawa sau goma a yini, ita ce ido ke gani ko daga nesa. Hannun da ya saba kai wa makunni in zai fita ɗaki, da kansa zai kashe fankar da ke gefe, ba sai an sake koya masa ba.

Maganar ƙanin mijinki cewa kunnawa ta fi cin wuta, ba shi kaɗai yake faɗin ta ba, na sha jin ta har a bakin masu karatu. Tana da ɗan tushe a doguwar fitilar niyon. Lokacin tashi takan ja wuta da ƙarfi, amma na ƙiftawar ido ne, bai wuce cin ƴan daƙiƙoƙi na aikinta ba. Abin da yawan kunnawa da kashewa ke yi wa irin wannan fitila shi ne rage mata kwana, shi ya sa masana harkar suke cewa in fitar da za a yi ba za ta wuce minti 15 ba a bar ta, in za ta wuce a kashe. LED kuwa ko sau nawa aka kunna aka kashe babu ruwanta. Amma kada ki tsaya gardama da shi a tsakar gida. Saurayi in aka kayar da shi gaban yara, ko ya gane gaskiya ba zai bi ta ba. Akwai wasa tsakanin matar wa da ƙanin miji, ki shiga ta wannan ƙofar. Ki ce masa tunda shi ne ɗan boko, ya zo ya raba muku gardama: kullum in ya dawo daga sallar asuba ya rubuta lambar konter a littafi, kwana uku ana zaune yadda aka saba, kwana uku kuma ana kashe duk fitila da fankar da babu kowa a ƙarƙashinta. Gani ya kori ji. In lambobin suka fito, ki bar masa nasarar, ya zama shi ne ya gano. Kalmar marowaciya kuma ki bar ta ta bi iska. In har ta zama zagi na gaske da raini, wannan wata magana ce daban, kuma wansa ne zai tsawata masa.

Ranar da za ku fara, ku yi wani gwaji na minti biyar. A kashe komai na gidan, a zare firigo da tele da caja, sannan ku tsaya gaban konter. In mai faifai ce, ya kamata faifan ya tsaya cak. In mai ƴar jar fitila ce, ta daina ƙiftawa. In ta ci gaba da ƙirga, to akwai inda wuta ke zurarewa, ko tsohuwar waya a cikin bango ko wani haɗi da ba ku san da shi ba. Sai a nemo mai gyaran wuta da ya san aikinsa ya duba wayoyin gida. Ita konter da hatiminta kada kowa ya taɓa, abin da ya shafe ta na ma'aikatan kamfanin wuta na NIGELEC ne, a je ofishinsu da takarda a hannu.

Akwai wata kafa da na tabbata tana cin kuɗinku, ba ki ambata ba. In an ɗauke wuta da dare, kowa sai ya jawo tabarma ya fito tsakar gida, ya bar makunnai yadda suke. Can ƙarfe uku a maido, fitilu da fankoki su tashi a ɗakunan da babu kowa, su yi ta aiki har gari ya waye. Ko a ɗauke da sassafe, kowa ya kama gabansa, a maido da hantsi. A ganin kowannensu bai yi laifi ba, ai cikin duhu ya bar ɗakin. Maganin wannan shi ne ɗauke wuta ya zama kiran zagaye: da zarar ta tafi, mutum ɗaya ya bi da tocila ya kashe komai, a bar fitila guda a tsakar gida don a san ta dawo. Za ki tarar da yawa ba su san ina ne kunne ina ne kashe ba in babu wuta, sai ki ɗiga jan farce a gefen kashewa na kowane makunni. Wannan sabon yana kuma kare tele da firigo, don wani lokaci wuta takan dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya.

Yanzu maganar Hajiya. Nan nake so ki ba ni kunnenki duka, ɗiyata, don nan ne kika yi kuskure, kuma nan ne mabuɗin gidan yake. Shiga ɗakin surukarki tana barci ki kashe mata fitila, komai kyan niyyarki, abin da ta ji shi ne an fara auna mata abin da za ta ci a gidan ɗanta. Tsohuwa ba ta kwana da haske don son ɓarna. Ido ya yi rauni, ana tashi kewayawa sau biyu sau uku, ana tashi nafila, ana tsoron kunama da bazara, ana tsoron tuntuɓe. Karayar ƙugu a tsufa takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi. Wasu kuma tun da suka rasa abokin zama, duhu ya zame musu kaɗaici, ba za su faɗa wa kowa ba. Ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri, kada ki kawo mata lissafi ko kaɗan a ranar. Sannan ki sayo ɗan ƙaramin ƙwan LED mai wat 3. Ko ya yi awa 10 kowane dare, a wata bai cika kilowat ɗaya ba, bai kai dala 20 ba, wato sefa 100. Ki kai mata shi kyauta, ki ce, "Hajiya, ga wannan na samo miki na dare, ba ya zafi, ba ya damun ido." Fankarta kuwa kada ki taɓa ta muddin tana ɗaki, dare ko rana. Zafin Afrilu yana hallaka tsofaffi da jarirai, babu tattalin da ya cancanci a yi shi da lafiyarsu.

Wani zai iya cewa ki kawo mata hadisi, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kashe fitilu in za a kwanta. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma dalilin da aka ambata a cikinsa shi ne kada ɓera ya ja lagwani ya tayar wa mutanen gida da gobara, kuma malamai sun yi bayanin cewa in an aminta daga gobara babu laifi a bar haske. Kada ki mayar da addini sandar dukan tsohuwa. Ga yara dai ladabi ne mai kyau, ki koya musu shi tare da rufe ƙofa da rufe kwanon abinci, waɗanda suka zo a hadisi ɗaya da shi.

Bayan ƴan kwanaki, in kin ga fuskarta ta saki, ki kai mata takardar wuta ki nemi shawararta da gaske. Ki ce, "Hajiya, kuɗin nan ya fi ƙarfin abin da ake turowa, ina jin nauyin in ƙara ɗora masa, yaya kike ganin za mu yi?" Matan zamaninta sun yi zaman aure da aci-balbal da fitilar ƙwai, sun san auna kananzir da murfin kwalba, sun san rage lagwani in an gama cin tuwo. Ta fi ki sanin tattali nesa ba kusa ba, kawai dai babu wanda ya taɓa nuna mata cewa wannan wutar ma ana auna ta. Kuma babu uwar da ke son a wahalar mata da ɗa yana can yana fama da rana da ƙura. Kalma ɗaya daga bakinta ga samarin nan ta fi faɗanki na wata guda, don doka in ta fito daga ɗakin Hajiya kowa zai ɗauke ta dokar gida.

Yaranki su ne mafi sauƙi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai ki ajiye faɗa. Faɗa yana koya wa yaro ya kashe fitila in kina kallo. Sabo yana kamawa ne in an ɗaura shi jikin abin da mutum ya riga ya saba yi. Kowa yana tsayawa bakin ƙofa ya sa takalmi, to ki ce musu hannu ya riga ƙafa: a taɓa makunni kafin a sa takalmi. Kowace fitilar waje ta samu mai ita. Ta zaure ta wanda ya dawo daga masallaci da asuba ce, ta tsakar gida ta babban ɗanki ce kafin ya tafi makarantar allo, ta madafa taki ce, kuma kada a taɓa kama ki da mantuwa a makonnin farko, don ido yana kanki. In yaro ya manta, kada ki kashe masa. Ki kira shi da murya mai sanyi ya dawo ya kashe da hannunsa, ko ya kai zaure. Dawowar nan ita ce karatun. Ki kuma zagaya ki duba makunnan kansu, don sau da yawa laifin nasu ne. Na bayi ya yi wa yaro tsawo, wani yana bayan ƙofa ko bayan kabad, wani ya karye tun bara ana murɗa ƙwan da hannu, wanda ma haɗari ne. Aikin rabin yini ne ga mai gyara.

In ƙarshen wata ya zo aka ga ragi, ko na jika ɗaya ne, ki ɗebi wani abu daga ciki ranar Alhamis ki shiga Kasuwar Dole ki sayo kankana ko kilishi, a ci a tsakar gida, ki faɗa musu daga ina kuɗin ya fito. Kada ki karaya in mako na uku kin ga an fara komawa. Irin wannan sabon yakan ɗauki wata biyu ko fiye kafin ya zauna.

Saye-saye ba su da yawa. Ki riƙa musanya tsofaffin ƙwayaye ɗaya bayan ɗaya, ki fara da wanda ya fi daɗewa a kunne. A jikin kwali ki nemi lambar haske da ake kira lumen, wajen 800 ta ishi ɗaki, kuma ki guji mai arhar banza, ba ya kwana biyu. Zaure zai fi dacewa da ƴar fitilar nan mai aiki da hasken rana, wadda ke kunna kanta da magariba ta mutu da safe. A riƙa goge ƙurar da ke lulluɓe ƙwai, a buɗe taga da rana, a tara guga a yi ta lokaci ɗaya a mako.

Saura tambayarki ta ƙarshe, kuma duka hanyoyin biyu da kika kawo ban yarda da su ba. In kika yi shiru kina cikawa da kuɗin sana'arki, cikin wata uku jari ya karye, maigida yana nan bai san ainihin abin da gidansa ke ci ba, ke kuma kina tara abu a ciki wanda wata rana zai fashe a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. In kuma kika zayyana masa komai da sunan kowa, kin kai ƙarar uwarsa da ƙannensa, kuma namiji ko ya san kina da gaskiya, wannan yakan tsaya masa a rai. Tambayar da ya yi miki ki amsa ta da takarda. Ki ɗauki hoton ta wannan wata da ta watan hunturu ki tura masa ta WhatsApp, ki nuna masa yawan kilowat na kowacce, ki ce zafi ya shigo, fanka da firigo sun ƙara ci, ke da Hajiya kun fara tsarin ragewa, ƙaninsa ne ma yake riƙe da littafin konter. Ki roƙe shi kuɗin ƙwayaye huɗu ko biyar da ladan mai gyara, kuma in yana waya da samarin ya ja hankalinsu a matsayin maganarsa shi. Daga nan ki mayar da tura hoton takarda al'ada duk wata, ko bai tambaya ba. Mutumin da ke nesa da gida zuciyarsa takan yi saƙe-saƙe, in yana ganin takarda sai ta kwanta. In ya zo gida kuma ku tattauna batun konter mai kati, wadda ake sayen wuta tun kafin a sha. Tana nuna abin da ya rage ƙuru-ƙuru, kowa ya wuce ya gani. Wannan shawara tasa ce, ke dai ki kawo masa ita.

Kada ki sa rai kuɗin zai koma jika 9 cikin bazara. Wani ɓangare na ƙarin haƙƙin zafi ne, kuma gidan da ke da tsohuwa da ƙananan yara dole ya biya shi. Ki kwatanta Mayu da Mayun bara in kin adana takardun, in ba ki adana ba ki fara daga wannan watan, ki samu leda guda ki riƙa tara su.

Ki sake rubuto mini bayan takarda biyu sun zo, ki gaya mini kilowat nawa aka rage, da yadda Hajiya ta karɓi ƴar fitilarta. Ki gaishe mini da ita da kyau, ki shafa mini kan yara.

Innarku